Sauro ya sha tauri: su wa za su auna mana ƙarfinsa?

Daminar bara na kwana biyu a gidan gwaggota, a wani ƙauye da ke bakin gonakin shinkafa. Da safe muna karyawa ta nuna mini gidan sauronta da ke rataye, ta ce, "Ɗan nan, wanda aka fara raba mana shekarun baya, in gari ya waye sai na share gawar sauro a bakin gado. Wannan kuwa a jikinsa suke hutawa, kamar an shimfiɗa musu tabarma." Na yi dariya, amma maganar ta tsaya mini a rai, domin abin da ta gani da ido shi ne abin da masana ke kashe miliyoyi suna ƙoƙarin aunawa.

Mai yiwuwa gaskiyarta, sauron ya daina jin magani. Mai yiwuwa kuma ta wanke gidan sauron da omo sau da yawa ta shanya a rana har maganin ya salance. Akwai kuma yiwuwar wanda take gani ba sauron maleriya ba ne sam. Mai kukan nan a kunne da ke fitowa daga kwata da masai, wanda ake kira Culex, ba ya ɗaukar maleriya, kuma ya daɗe da raina magungunanmu. Mai kawo zazzaɓin shi ne Anopheles, wanda ba ya cika surutu, ya fi cizo a tsakar dare, in ya sauka a bango sai ka ga ya ɗaga gindi sama kamar mai ruku'u. Kafin a ce wa gwaggo ga abin da ke faruwa a ɗakinta, sai an sami wanda ya iya rarrabe waɗannan, ya kamo sauron ƙauyen, ya gwada shi. Irin wannan mutum ne muke da ƙarancinsa.

Ba ƙaramin abu ke rataye a kan wannan ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ƙiyasta cewa a 2023 an kamu da maleriya sau miliyan 263 a duniya, mutum 597,000 suka rasu. Kusan kashi 31 cikin ɗari na mamatan 'yan Najeriya ne, kusan kashi 6 kuma 'yan Nijar. Wani babban bincike da aka wallafa a 2015 ya lissafa cewa daga 2000 zuwa 2015 an kauce wa kamuwa da cutar sau miliyan 663 a Afirka, kuma kashi 68 cikin ɗari na wannan nasara gidan sauro mai magani ne ya kawo ta. To duk waɗancan gidajen sauron, kusan shekara ashirin, dangin magani ɗaya tak ake sa musu, wato pyrethroid, saboda shi ne mai arha, mai saurin kayar da sauro, wanda kuma ba ya cutar da jaririn da ya tsotsi ragar. An ɗora duka ƙwai a kwando ɗaya, in ji masu magana a wani wuri. Mu a nan sai mu ce an bar jaki ɗaya da kayan ayari.

Mutane kan ce sauro ya saba da maganin, kamar yadda mai shan ƙwaya ke sabawa. Ba haka abin yake tafiya ba. Sauro ɗaya ba ya rayuwar da za ta ishe shi sabo. Abin da ke faruwa tankaɗe ne. A cikin dubban sauro akwai 'yan ƙalilan da aka haifa da wani bambanci a ƙwayoyin gadonsu, wanda ke sa maganin bai kashe su. Ka yi feshi, na banza su mutu, masu taurin su rage, su auri juna. Macen sauro kan zuba ƙwai ɗari ko fiye a zama ɗaya, kuma a zafinmu daga ƙwai zuwa mai fiffike bai cika wuce kwana goma zuwa sha biyu ba. Lissafa zuriya nawa ke nan a damina ɗaya. Kuma ba a ɗaki kaɗai ake wannan tankaɗen ba. Manomin tumatir a Kadawa, da na auduga a ƙasar Funtuwa, da na shinkafa a Auyo, da yawa daga magungunan da suke fesawa dangin pyrethroid ne, ruwan gonar da maganin ke gangarawa kuma nan ne 'ya'yan sauro ke girma. Tun yana tsutsa ake shayar da shi taurin.

Abin da ba kowa ya sani ba, ƙasarmu na cikin wuraren farko da aka gane wannan a Afirka. A 1954 Turawan mulki suka fara gwajin feshin gidaje a yammacin lardin Sakkwato, yankin Birnin Kebbi. Shekara biyu ba ta cika ba aka ga sauron ya daina jin maganin dieldrin, aka wallafa labarin a 1956. Daga nan aka kai irin sauron Landan, wani masani mai suna George Davidson ya yi ta haɗa shi aure da sauron da ke jin magani, har ya nuna cewa taurin gado ne da ke bin ƙa'ida. Bayan haka aka yi Aikin Garki daga 1969 zuwa 1976, a ƙasar Garki da ke Jigawa a yau, inda aka fesa maganin ƙwari na propoxur a gidaje, aka kuma raba magani ga jama'a, amma cutar ta ƙi yankewa, wani ɓangare saboda akwai sauron da ba ya kwana a bangon ɗaki balle feshin ya same shi. Ɗan Italiya Mario Coluzzi ya yi nazarin sauron wannan yanki, kuma a 2013 aka raɗa wa nau'in da ya fi addabar gonakin shinkafarmu sunansa, Anopheles coluzzii. Sauron namu ne, zazzaɓin namu ne, amma ilimin a Landan da Rum aka dafa shi. Ban faɗi haka don zargi ba. A wancan lokacin jami'o'inmu ko dai babu su ko suna rarrafe. Tambayar ita ce me ya sa bayan shekara saba'in har yanzu ragowar wannan tsari na nan.

Bari in nuna yadda gwajin yake, don a ga inda gizo ke saƙa. Da sassafe ake shiga gona da ludayi mai dogon mariƙi da farin roba. Ana duba sawun shanu da ruwa ya kwanta a ciki, da ramin masu bulo, da gefen fadama inda rana ke bugawa. Tsutsar Anopheles kwance take a saman ruwa kamar tsinke, ta Culex kuwa a rataye take kai ƙasa. Wanda ya ƙware da kallo ɗaya yake rabewa, sabon shiga kuwa sai ya cika bokiti da abin da ba shi aka zo nema ba. A kawo su ɗakin kiwo, a riƙa barbaɗa musu garin abincin kifi, ba da yawa ba kar ruwan ya ruɓe. In sun fashe sun yi fiffike a ba su ruwan sukari a auduga. Mata kaɗai ake so, 'yan kwana uku zuwa biyar, waɗanda ba su taɓa shan jini ba.

Sai a ɗauko bututun roba na Hukumar Lafiya ta Duniya, a naɗa takarda mai magani a cikinsa, a zuƙo sauro ashirin da biyar da baki ta wani siririn tiyo a hura su ciki. Bututu huɗu masu magani, sauro ɗari ke nan, da wasu biyu marasa magani don a tabbatar ba wahalar hannu ce ke kashe su ba. Awa ɗaya cif suna jikin takardar, sannan a mayar da su bututu mai tsabta a jira awa 24, a ƙirga gawa. In kashi 98 ko fiye sun mutu, maganin na aiki. In ƙasa da 90 suka mutu, tauri ya tabbata. Tsakanin nan kuma sai an sake. In aka sami tauri akan ninka ƙarfin maganin sau biyar, sannan sau goma, a ga iyakarsa, domin sauron da ya tsallake ma'aunin farko da kyar daban yake da wanda ninki goma bai girgiza shi ba.

A takarda ɗan sakandare ma zai iya. A aikace kuwa, ana so ɗakin ya tsaya a kan zafi wajen digiri 27, da laima wajen kashi 75 cikin ɗari. Ka tuna Kano ko Maraɗi a watan Afrilu, zafi ya haura 40, ko lokacin hunturu da leɓe ke tsagewa. In na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya awa uku, sauron zai mutu don ƙishi, mai gwaji ya rubuta cewa magani ne ya kashe shi, a aika wa Abuja rahoton cewa komai lafiya. Shi ya sa ƙa'ida ta ce in fiye da kashi 20 na waɗanda ba a sa wa magani ba suka mutu, a zubar da sakamakon gaba ɗaya. Takardun maganin kansu daga wata jami'a a Malesiya ake sayo su, a firji ake ajiye su, ba a amfani da ɗaya fiye da sau shida. Ana kuma bukatar sauron awo, wani iri da aka samo daga Kisumu ta Kenya wanda aka san yana jin kowane magani, ana kiwonsa zuriya bayan zuriya don a riƙa gwada ingancin takardun a kansa. Na taɓa shiga wani ɗakin gwaji na tarar da keji a wofi, mai kula da shi ya ce mini hutun sallah aka tafi, man janareta ya ƙare, kiwon shekara biyu ya tafi a kwana uku. Yana faɗa yana kallon ƙasa kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Sanin cewa sauro ba ya mutuwa rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne sanin ta wace hanya yake tsira, domin a nan kuɗi ke shiga. Hanya ɗaya ita ce canjin makulli. Pyrethroid da tsohon maganin nan DDT wuri ɗaya suke kamawa a jijiyar sauro, su hana wata ƙofa rufuwa har ya sanƙare. Canjin harafi ɗaya a ƙwayar gado kan sauya siffar wurin, mabuɗin ya daina shiga daidai. Masana na kiran wannan kdr, an fara bayyana shi a sauron Afirka ta Yamma a 1998, kuma na'urar PCR, mai binciken ƙwayoyin gado, na gano shi daga ƙafar sauro ɗaya. Hanya ta biyu ta fi wuyar sha'ani: sauron kan yawaita wasu sinadarai a jikinsa, dangin da ake kira P450, masu aiki irin na hantar mutum, su narkar da gubar kafin ta isa jijiya. Wasu kuma fatarsu ce ke kauri, maganin ya riƙa shiga a hankali. Sau da yawa sauro ɗaya kan haɗa biyu ko uku.

Ga amfanin rarrabewar. Akwai wani sinadari, PBO, wanda shi kansa ba ya kashe sauro, amma yana ɗaure hannun P450. In ka fara sa sauro a jikin takarda mai PBO na awa ɗaya, sannan ka sa shi a bututun pyrethroid ka ga mutuwa ta tashi daga kashi 30 zuwa 90, ka san inda taurin yake, ka kuma san gidan sauro mai PBO zai yi aiki a wannan yanki. A gwajin da aka yi a Muleba ta Tanzaniya, irin wannan gidan sauro ya rage yawan yara masu ƙwayar cutar da kashi 44 a shekarar farko idan aka kwatanta da na gargajiya. In kuwa PBO bai canza komai ba, sayen sa asarar kuɗi ce, sai a nemi mai chlorfenapyr, maganin da ba ya bi ta jijiya, yana kashe wutar jikin sauron ne a hankali, har sai an jira awa 72 kafin a ƙirga gawa. Gwaje-gwaje a Tanzaniya da Benin sun nuna ya rage kamuwar yara da kusan rabi, kuma a Maris 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fifita shi inda pyrethroid ya gaza. Wani abin dariya a nan, sinadaran P450 ɗin da sauro ke taƙama da su, su ne ke mayar da chlorfenapyr guba a cikinsa. Sai dai sababbin sun fi tsada, kuma rabon gidan sauro sau ɗaya ake yi a shekara uku, miliyoyi a jiha guda. In aka zaɓa ba daidai ba, jihar ta shekara uku da kuskuren. Zaɓin kuwa ya dogara ne a kan ƙirgar da wani ya yi a ɗaki mai zafi ko mai sanyi.

Afirka ta Kudu ta ɗanɗana wannan. A 1996 ta daina feshin DDT ta koma pyrethroid, ba tare da sanin cewa Anopheles funestus, wani nau'in sauron maleriya mai taurin pyrethroid, na jira a ƙetaren iyaka da Mozambik ba. Zuwa 2000 masu kamuwa sun haura 60,000 a shekara. Masana ƙwari na ƙasar ne suka kamo sauron a gidajen da aka fesa, suka gane shi, suka gwada, aka dawo da DDT, annobar ta lafa. Ƙasar na da mutanen da za su yi wannan a gida, cikin watanni.

Kar wani ya karanta wannan ya yaye gidan sauronsa. Wani bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta a Benin, Kamaru, Indiya, Kenya da Sudan, wanda aka wallafa a 2018, ya nuna masu kwana a gidan sauro sun fi tsira ko a inda tauri ya yi yawa. Raga raga ce, muddin ba ta yage ba. Abin da ke raguwa shi ne kashewar, wadda a da take kare har maƙwabcin da ba shi da gidan sauro.

Ba daga sifili za a fara ba. Sulaiman Ibrahim, malami a Jami'ar Bayero, da abokan aikinsa sun wallafa nazari a 2014 a kan sauron Auyo da Bunkure, daga baya suka faɗaɗa zuwa Nijar da Chadi, kuma abin da suka tarar shi ne tauri mai ƙarfi a faɗin Sahel. Akwai cibiyoyin binciken lafiya irin su NIMR a Yaba ta Legas, da CERMES a Yamai, da IRSS a Bobo-Dioulasso ta Burkina Faso. Misalin da ya fi jan hankalina shi ne na Farfesa Charles Wondji, ɗan Kamaru da ke koyarwa a makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool, wanda ya kafa cibiyar binciken cututtuka ta CRID a Yawunde a 2017. Tawagarsa ce ta samo alamar gado ta farko da ke nuna taurin P450 a Anopheles funestus, har aka iya gwada ta da PCR kamar kdr. Abin lura a wurinsa shi ne ya kawo na'urorin inda sauron yake, ɗalibai suna yin digirinsu daga gona har zuwa nazarin ƙwayoyin gado a ƙasa ɗaya.

Inda nake da ja shi ne yadda aka fahimci kalmar horarwa. Yawanci abin da ake nufi shi ne taron bita na kwana biyar a otal, a raba jaka da takardar shaida, a ɗauki hoto. Wanda ya halarta ya koma jami'arsa ya tarar babu bututu, babu takardar magani, babu ɗakin kiwo, bayan wata shida ya manta yadda ake riƙe tiyon zuƙa. Ɗaya salon kuma shi ne a ɗauki ɗalibi ya yi ta tara sauro a ƙananan kwalabe da ƙwayoyin busarwa, a saka a akwati a aika Turai, bayan shekara biyu takarda ta fito da sunansa a tsakiyar sunaye goma sha biyar. Ya iya kamu, amma bai taɓa zama gaban kwamfuta ya buɗe bayanan gadon sauron ƙauyensu ya yi musu tambaya ba. Alhali bayanan a buɗe suke: shirin nazarin gadon Anopheles gambiae, babban sauron maleriya na Afirka, wanda ya wallafa sakamakon sauro 765 daga ƙasashe takwas a 2017, ya zuba su a intanet kyauta. Abin da ya rage shi ne wanda ya iya lissafin da rubutun kwamfutar da za a tono su, da intanet da ba ya yankewa, da malamin da zai zauna da shi shekara uku ba kwana biyar ba. Kayan aro ba ya rufe katara.

A ganina ma ba masu digirin digirgir ne suka fi ƙaranci ba. Ma'aikacin ɗakin kiwo ne, wanda ya san warin ruwan da ya fara lalacewa, wanda zai zo ranar sallah ya duba keji, wanda ya iya duba fiffike da ƙafar sauro a madubin ƙara girma ya faɗi nau'insa. Irin wannan hannu shekaru ake yi ana gina shi, amma a tsarin aikinmu ba shi da matsayi balle ƙarin girma. Ana ɗaukarsa ne a kan kwangilar wani shiri, shirin ya ƙare ya koma sayar da katin waya. Ma'aikatun lafiya na jihohi cike suke da likitoci da jami'an rabon kaya, amma da wuya ka ji kujerar masanin ƙwari. Shi kuwa tauri ba abin aunawa sau ɗaya ba ne. Sai an koma ƙauye ɗaya, a wata ɗaya, da hanya ɗaya, shekara bayan shekara, kafin a ga ko yana hawa ko yana sauka. Sakamakon Sakkwato kuma ba ya wakiltar Haɗeja, don abin da manoma ke fesawa ya bambanta.

Yawancin wannan sa ido a Najeriya da Nijar da kuɗin waje ake yin sa, musamman shirin shugaban Amurka na yaƙi da maleriya da aka kafa a 2005, da Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau, tarin fuka da maleriya. A Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, daga baya ta rushe hukumar USAID da shirin ke bi ta hannunta. In kuɗi suka yi ƙaranci, kowa zai ce a fara sayen magani da gidan sauro, kuma ba za ka ga laifinsa ba. Mai ludayi a gona shi ake fara sallama, duk da cewa abin da ake kashewa a kansa bai kai ƙumbar kuɗin gidajen sauron da ƙirgarsa ke zaɓa ba. Jami'o'in Kano, Zariya, Sakkwato, Maiduguri da Yamai kowace za ta iya riƙe ɗakin kiwo ɗaya mai hasken rana da ma'aikata biyu na dindindin, in jihohin da ke kewaye da ita sun ɗauki gwajin a matsayin aikin da suke biya duk shekara.

Akwai ayyuka biyu da ba za su jira ba. Na farko, yanzu da ake shigo da gidajen sauro masu chlorfenapyr, yanzu ne ya kamata a auna yadda sauron kowane yanki ke mutuwa da shi, don ranar da ya fara tauri a sami abin kwatantawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na biyu baƙo ne. Anopheles stephensi, sauron Indiya da yankin Larabawa, ya bayyana a Jibuti a 2012, ya shiga Habasha da Sudan, aka gan shi a Jihar Gombe a 2020. Ba ya bukatar fadama ko damina. A tankin ruwa yake haihuwa, da randa, da duron masu gini, wato irin ruwan da kowane gida a Kano da Damagaram ke tarawa saboda famfo ba ya kawowa, kuma a gabashin Afirka an same shi da taurin magunguna da dama tun isowarsa. Ana gane shi ne ta ɗigo-ɗigon ƙafarsa da zanen da ke jikin 'yan gashin bakinsa, sai a tabbatar da PCR. Wanda bai taɓa ganinsa a madubi ba zai jefa shi cikin kwalbar sauron gida ya rubuta gambiae a jiki.